Yanka jig a ƙaramin injin CNC: me ke sa aiki ya goce?

Mai 3018, Ƙofar Ƙaura: Assalamu alaikum. Masu ƙananan injinan CNC, waɗanda kwamfuta ke sarrafa yankansu, irin nawa ƙirar 3018, mu haɗa abin da muka sani kan jig, wato mazaunin da ke riƙe aiki wuri ɗaya. Damuwar ita ce a yanka abu goma iri ɗaya, a tarar wasu sun goce da rabin milimita.

Kafinta, Daura: Wa alaikumus salam, Malam. Daga allon ƙasa matsalar take farawa. Sa MDF, wato allon garin katako da aka matse, mai kauri milimita 12, kada ka sa 18, domin hawa da saukar bakin yanka na 3018 milimita 45 ne kacal, kaurin allo zai cinye maka wuri. Ɗaure shi, sannan ka bar injin ya share fuskarsa gaba ɗaya, zurfin milimita 0.3. Katangar da aiki zai jingina da ita, mai siffar L, ita ma injin ne zai gyara gefenta bayan an ɗaure ta. In ka yanka da zarto ka kawo, ba za ta yi daidai da tafiyar X (hagu da dama) da Y (gaba da baya) ba, komai kyan hannunka. MDF yana shan laima ya kumbura da damina, saboda haka a sake share shi in yanayi ya juya.

Injiniya, Sabuwar Unguwa: Gaskiya ne, Oga. Ni kan ramukan fin, wato 'yan sandunan da ke tsayar da aiki a wurinsa, zan yi magana. Ka zana rami mai faɗin milimita 6.0, injin ya ba ka ƙasa da haka, saboda baki mai milimita 3.175 yana lanƙwasa kaɗan, ga kuma wasan da ke tsakanin noti da sandar zare. Ɗauki guntun katako irin wanda za ka yi aikin da shi, ka huda 5.9, 6.0, 6.1 da 6.2, ka gwada fin ɗin a kowanne. Wanda ya shiga da matsin babban yatsa ba ya girgiza, shi ne adadinka. Fin biyu sun isa, a nesanta su da juna. Kuma kwanar ciki ba ta fita da kaifi tunda baki zagayayye ne; ƙara ɗan rami a kowace kwana, in ba haka ba aiki mai kusurwa huɗu zai hau kwanar ya ƙi zama.

Mai gyaran rediyo, Ƙofar Marusa: Abu siriri ba ya son kilam, wato abin matse aiki, bankarewa yake. Salatif na takarda a allo, wani a bayan aikin, sufa gulu a tsakani.

Kafinta, Daura: Amma a goge ƙurar hunturu tukuna, in ba haka ba salatif ba zai kama ba.

Injiniya, Sabuwar Unguwa: Sai batun ɗaukewar wuta, wanda ya fi ɓata jig. Sa maɓallan iyaka, masu nuna wa injin ƙarshen tafiyarsa, a X da Y da Z (sama da ƙasa), ka kunna homin, wato komawar injin mafarinsa, a GRBL (manhajar da ke tafiyar da injin) da umarnin $22=1, ka ajiye sifirin aiki, wato inda awo ke farawa, a ma'ajiyar G54 a kusurwar katangar. Wuta ta dawo, ka buga $H, injin ya koma inda yake. Z kaɗai za ka sake aunawa in ka canza baki.

Mai 3018, Ƙofar Ƙaura: Na gode, Injiniya. Jig na alminiyom fa?

Injiniya, Sabuwar Unguwa: Yana yiwuwa da baki mai kaifi ɗaya, zurfin milimita 0.1 zuwa 0.2, da ɗigon kalanzir don kada ƙarfen ya manne. Amma cire MDF a ranar, kalanzir zai jiƙa shi.