Wace manhaja ce za ta sauya nau'in hotuna, ta kuma rage musu nauyi a tsohuwar kwamfuta?

Maman Hafsat ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan kwamfuta. Ina da wata tsohuwar HP ta kan cinya wadda maigidana ya saya mini 'yar gwanjo, tana ɗauke da Windows 10, RAM ɗinta kuma, wato ƙwaƙwalwar da take aiki da ita, gigabait 4 ne kacal, ga ta da nawa idan aka buɗe mata abubuwa da yawa.

Matsaloli biyu ne suka taso mini a mako guda. A bikin ƙanwata wata 'yar'uwarmu ta ɗauki hotuna da iPhone, ta zuba mini guda 340 a filas, amma sunan kowannensu ya ƙare da HEIC, kwamfutar ta ƙi buɗe ko ɗaya, mai wankin hoto kuma ya ce sai na mayar da su JPEG kafin ya karɓa. Na biyu, ɗana yana cike fom ɗin neman gurbin karatu, shafin ya ce kada hoton fasfo ya wuce kilobait 50, namu kuwa ya haura megabait 3. Wani yaro a shagon intanet na unguwarmu ya ce in kawo kwamfutar ya sa mini Photoshop wanda aka fasa, ba sai na biya kamfanin ba. Shin in kai masa, ko akwai wata hanya mafi sauƙi?

Malam Sabo Mai Gyara ya amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki kai masa. Kamfanin Adobe ya mayar da Photoshop tsarin biyan kuɗi wata-wata tun 2013, saboda haka wanda ake zubawa mutane a shaguna duk fasasshe ne, kuma sau da yawa da ƙwayar cuta yake zuwa. Ko da lafiyayye ne ma, sababbin fitowarsa suna buƙatar RAM gigabait 8 ko fiye, wato kwamfutarki za ta riƙa daskarewa tun kafin ki buɗe hoto na farko. Aikin da ke gabanki bai kai a ɗauko masa gatari ba, aska ta wadatar.

Game da hotunan bikin, HEIC tsari ne da Apple ya fara adana hotuna da shi tun 2017, domin yana cin wuri kaɗan. Ki sauke XnConvert daga shafin masu ita, manhaja ce ta kyauta ga mai amfani a gida, wadda wani Bafaranshe, Pierre-Emmanuel Gougelet, ya ƙirƙira, kuma tana karanta nau'o'in hoto fiye da 500. Idan kin buɗe ta, ki jawo foldar hotunan gaba ɗaya zuwa sashen Input, ki tafi sashen Output ki zaɓi JPG, wato JPEG ɗin da mai wankin hoto ya nema, ki sa ingancin a 90 cikin 100, sannan ki nuna mata wata sabuwar folda dabam inda za ta zuba sakamakon. Da kin danna Convert sai ki tafi harkar gabanki, za ta bi su ɗaya bayan ɗaya har ta kammala. Tun da batirin irin waɗannan kwamfutocin yakan mutu, ki fara aikin a lokacin da kike sa ran wuta za ta jima.

Hoton fasfo kuwa IrfanView nake yi wa mutane amfani da ita. Irfan Skiljan, ɗan asalin Bosniya mazaunin Ostiriya, shi ya fitar da ita a 1996, nauyinta 'yan megabait ne, kuma ban taɓa ganin kwamfutar da ta gaza ɗaukarta ba, har masu Windows 7. Kuskuren da aka fi yi shi ne a bar hoto da faɗinsa na asali a yi ta rage masa inganci har fuska ta dagule. Hoton waya mai megafikisel 12 faɗinsa fikisel (ƙananan ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto) 4032 ne, tsayinsa 3024, alhali fasfo mai milimita 35 da 45 bai buƙaci fiye da fikisel 413 da 531 ba. Saboda haka ki fara zana akwati da linzami a kan kai da kafaɗu, ki danna Ctrl da Y domin yanke sauran, ki danna Ctrl da R ki mayar da faɗin kusan 400, sannan ki danna S ki adana shi a matsayin JPG da inganci 80. Galibi zai faɗo ƙasa da kilobait 50. Idan bai faɗo ba, ki koma kan hoton asali ki gwada 70.

Abban Khalil ya amsa:

Na yarda da Malam Sabo a kan Photoshop, amma ina ganin ya taƙaita wa Hajiya zaɓi. Manhajojin da ya ambata ƙwararru ne wajen yanka da sauya nau'i, sai dai ranar da ta so ta cire bangon da ke bayan hoton fasfo ta mayar da shi fari, ko ta haɗa katin gayyata mai rubutu a kan hoto, za ta ga iyakarsu. Paint.NET ta fi dacewa da wannan, domin tana ba da damar jera hoto da rubutu hawa-hawa, kowanne a gyara shi ba tare da taɓa ɗan'uwansa ba, kuma wanda ya saba da Paint na cikin Windows ba zai ɓata a cikinta ba. A kula dai, sababbin fitowarta sun daina aiki a Windows 7. Akwai kuma GIMP, wadda ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba, kyauta ce ita ma, ana ta bunƙasa ta tun 1995.

Malam Sabo Mai Gyara ya sake amsawa:

Gaskiya ne Abban Khalil, Paint.NET tana da kyau idan buƙatar ta taso. GIMP ce ba zan ba mai farawa ba. Saukar da ita kaɗai zai ci ɗaruruwan megabait na data, tana jan lokaci kafin ta buɗe a ƙaramar kwamfuta, kuma na sha ganin mutane sun danna Save sun sami fayil mai XCF, wato nau'in fayil na GIMP ita kanta, wanda shafukan cike fom ba sa karɓa, saboda ba su san cewa ta Export As ake fitar da JPG ba.

Baba Iro Mai Hoto ya amsa:

Ni ta fuskar wankin hoto zan sa baki, domin shi ne sana'ata. 'Yata, don Allah kada ki rage girman hotunan bikin yayin da kike mayar da su JPG, nau'in kawai za ki sauya. Hoto mai inci 4 da 6 yana son fikisel 1200 da 1800 kafin ya fito tas, wanda za a faɗaɗa a sa a firam kuwa yana son fiye da haka. Kusan kullum sai an kawo mini hoton amarya wanda ya bi ta WhatsApp hannu uku ko huɗu, a waya yana da kyau, a takarda sai ka ga zanen lallen hannunta ya zama dabbare-dabbare, adon leshi ya narke, a kuma ɗora wa injina laifi. Idan dole ne a turo ta WhatsApp, a turo shi a matsayin takarda, wato ta Document, domin ta nan ba a matse shi.

Ki kuma sani cewa duk lokacin da aka gyara JPG aka sake adana shi, yana zubar da wani abu na ingancinsa wanda ba ya dawowa. Wannan ne ya sa Malam Sabo ya ce ki koma kan na asali idan gwajin farko bai yi ba. Ki bar hotunan HEIC ɗin a filas ɗinsu yadda suke, kada ki goge su. Ita kuma 'yar'uwarku, ta shiga Settings a wayarta, ta buɗe Camera, sannan Formats, ta zaɓi Most Compatible, daga ranar wayar za ta riƙa ɗaukar JPG kai tsaye.

Maman Hafsat ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Hoton fasfon ya sauka zuwa kilobait 38 a gwajin farko, shafin ya karɓa, yaron ya tura fom ɗinsa jiya da daddare. Hotunan bikin kuma sun sauya duka, sai dai an ɗauke wuta suna kan na 200 da 'yan kai, na sake farawa da safe da waɗanda suka rage. Baba Iro, akwai guda shida da hasken ɗakin amarya ya yi musu kaɗan, fuskoki sun yi duhu. In gwada ƙara musu haske da kaina a IrfanView, ko in kai wa mai wankin hoton yadda suke ya gyara a injinsa?