Tambayoyin "wanne ya fi" za su watsa mana grup, ku ba ni shawara

Salamu alaikum ƴan uwa. Ni ke riƙe da admin na grup ɗinmu na tambaya da amsa a WhatsApp, mun buɗe shi ne don manoma da ƴan kasuwar Maradi su rinƙa tambayar kuɗin tiyar gero, maganin tsutsar wake, halin hanyar Dan Issa da irin su. To amma kwanan nan sai wanne rezo ya fi, wacce waya ta fi, shekaranjiya wani ya jefo tsakanin ƴan kokowar Maradi da na Dosso su wa suka fi, wallahi har ɗayan dare ana vokal ana zage-zage, wata baiwar Allah ta tambayi maganin akuyarta mai zawo babu wanda ya ma gani. In na goge a ce na cika iko, in na bari mutanen kirki su fita. Yaya zan yi?

Mai gyaran waya: Admin kar ka goge, maida wa mai ita ya gyara. Wanda ya ce wacce waya ta fi, tambaye shi jika nawa gare ka, mi za ka yi da ita, garinku akwai kuran ko sai ka kai caji kasuwa? Da ya faɗa ta zama tambaya mai amsa. Kullum haka nike yi da masu zuwa shago.

Ɗalibin jami'ar Dan Dicko: Gaskiyar Yaya mai gyaran waya ce. Stack Overflow, inda masu rubuta manhajar kwamfuta ke tambayoyi tun 2008, rufe tambayar ra'ayi suke yi sai an gyara ta a sake buɗewa. Amma su ba su san juna ba, mu gobe za mu haɗu wurin suna, ka bi mutum ta pirive ka gaya mishi a hankali.

Hajiya daga Tibiri: Ɗana ni ban yarda a hana duka ba. Tambayar wane irin gero ya fi ai ra'ayi ce, amma a nan na ji wanda ya shuka irin geron da ake kira HKP yana bayanin yadda ya nuna da wuri a jigawa, na amfana. Sharaɗi kawai, wanda zai amsa ya faɗi abin da ya gwada da hannunshi, a wace gona, wace damina. Mai "an ce" ya yi shiru.

Wani ɗan Tasawa: Kokowa kam ba ta gyaruwa hhh. Ka yi musu ƙuri'ar nan ta WhatsApp kowa ya danna nashi ba surutu, ko a ware daren Juma'a su yi ta yi.

Admin: Na gode ƙwarai. Zan rubuta sharaɗin Hajiya a bayanin grup yau, daren Juma'a kuma na ƴan kokowa ne. Mai akuya don Allah sake turo tambayarki, akwai malamin dabbobi a cikinmu.