Yafe kuɗin rajistar motar mai keken guragu: a fara gyara ne ko a fara rajista?

Mai Tambaya: Assalamu alaikum. Da keken guragu nake zirga-zirga, kuma motoci biyu ne a gabana na rasa wadda zan ɗauka. Ta farko ƙaramar bas ce da aka taɓa amfani da ita, wadda an riga an sauke mata ƙasa an sa mata gangaren ƙarfe ta baya, amma ƙanena ne zai riƙa tuƙa ni. Ta biyu ƙaramar mota ce da zan sa wa birki da totur na hannu in tuƙa da kaina. Shin sai an gama gyara ake neman a yafe kuɗin rajista? Kuma idan takardu suka fito da sunan ƙanena, na rasa damar ke nan?

Tsohon Bakanike: Wa alaikumus salam. Idan wadda za ka tuƙa da kanka za ka saya, ka tabbatar mai canza giya da kanta ce, domin hannu biyu ba za su isa sitiyari da birki da totur da giya a lokaci guda ba. Ka kuma sa a leƙa ƙarƙashin bas ɗin, saboda inda aka yanka aka yi walda nan tsatsa take fara ci.

Uwar Yaro: Malam, ni dai kashedi zan yi maka. Mun sayi mota saboda ɗanmu, muka yi rajista da sunan mahaifinsa, daga baya aka ɗora mata injin ɗaga keke. Da na je neman a yafe mana, sai aka ce in kawo shaidar injiniya cewa gyaran bai taɓa lafiyar motar ba, alhali garejin da ya yi aikin ya rufe, kuma babu injiniyan da ya yarda ya sa hannu a kan aikin da ba a gabansa aka yi ba sai an sake kwance shi. Kafin mu samu takardar, wasiƙar likita ta tsufa a wurinsu, aka ce a sake wata, kamar dai ƙafafun yaron za su warke a tsakani. Da komai ya kammala, sai ma'aikaciyar ta dubi sunan da ke kan takarda ta ce ba na mai naƙasar ba ne. Yaron da bai kai shekarun tuƙi ba, yaya za a yi mota ta zama da sunansa? Muka biya kuɗin cif, ga kuma inshora da ya ƙaru tun ranar da muka bayyana gyaran.

Direban Hannu: Allah ya ba da haƙuri, Hajiya. Ni kuwa ko sisi ban biya ba.

Mai Keken Lantarki: Ba duka ake yafewa ba, ɗan'uwa. Rabi aka ɗauke mini.

Direban Hannu: To, ni takardata tana nan.

Mai Keken Lantarki: Ka sake duba ta. A wurare da yawa abubuwa daban-daban ake haɗawa a rasit ɗaya: kuɗin rajista, kuɗin lamba, haraji, wani lokaci har da inshorar dole, kuma yafewar takan tsaya a kan ɗaya daga cikinsu.

Mazaunin Birtaniya: Kowa dokar inda yake zaune yake faɗa, shi ya sa kuke saɓani. A nan ba gyaran motar ne ke sa a ɗauke harajin mota na shekara ba, tallafin naƙasar da mutum yake karɓa ne. Mai karɓar babban matakin tallafin zirga-zirga na PIP, wato kuɗin da gwamnati ke ba masu naƙasa, ba ya biyan komai, mai ƙaramin mataki rabi yake biya, kuma mota ɗaya kawai ake ɗauke wa. Ana iya rajista da sunan direban da mai naƙasar ya zaɓa, da sharaɗin ba zai yi hidimar kansa da motar ba. Inda gyara yake da tasiri shi ne harajin VAT na kashi 20 cikin ɗari, wanda ake ɗauke wa mai keken guragu idan an yi wa motar gyara mai yawa na dindindin kafin a miƙa masa ita, kuma tun 2017 mota ɗaya ce a cikin shekara 3.

Uwar Yaro: Wannan duk rubutu ne. Ka taɓa tura keke zuwa gaban kantar ofis ka ji abin da za a faɗa maka?

Tsohon Bakanike: Hajiya, a bar kowa ya faɗi abin da ya sani. Mu da muke kwanciya a ƙarƙashin motocin nan ma muna da ta cewa.

Mai Keken Lantarki: Baba, da girmanka, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kai walda ka sani, mu layin ofis muka sani.

Ɗan Kallo: Ni da keken ne kaɗai abin hawana, ina zan je a yafe mini? Ƙafa huɗu gare shi, birki ma na hannu ne tun daga kamfani.

Direban Hannu: Kai sai an fara kama ka da laifin gudun wuce kima. Amma Malam mai tambaya, ka yi tunanin wurin ajiye mota kafin ka ɗauki mai gangare ta baya. Da zarar wani ya manna motarsa a bayanka, ba ka da hanyar shiga sai ya dawo.

Uwar Yaro: Namu ta gefe yake buɗewa, kuma ba mu tsira ba. Filin nan mai zane da ake bari a gefen wurin masu naƙasa don keke ya sauka, nan masu babur suke jingine abinsu, wani ma ya ce maka minti biyu kawai zai yi.

Mai Tambaya: Na gode muku duka. Maganar sunan ƙanena fa?

Mai Keken Lantarki: Masu minti biyun ma da sauƙi a kan masu aron katin naƙasa na kakarsu su ajiye a gaban gilashi, su fito da gudu.