Shawarwari kan riƙe tsofaffin addu'o'i a gida

Da aka zauna tattauna yadda iyalin Kirista za su riƙe addu'a kullum, baki ya zo ɗaya: a fara da addu'o'in da aka gada. Addu'ar Ubangiji ce kan gaba, wadda Yesu ya koya wa almajiransa a Matiyu 6:9-13. Sai Zabura guda 150, da Shaidar Bangaskiya ta Nikiya, wato taƙaitaccen furcin abin da Kirista suka gaskata, da ta samo asali tun taron shugabannin ikilisiya a birnin Nikiya a shekarar 325.

Wasu sun nuna damuwa cewa addu'ar hadda kan koma karatun aku. Amsar da ta fi shiga raina ita ce, akwai ranar da harshe ke yin nauyi, ranar rasuwa ko a bakin gadon mara lafiya. A irin wannan rana Zabura 23 da aka haddace tun yarinta ita ke fitowa da kanta. Na yarda da wannan ƙwarai. Maganin karatun aku kuwa rage sauri ne: a dakata a wurin roƙon gafara cikin Addu'ar Ubangiji, har kowa ya tuna wanda yake riƙe da shi a zuciya.

An kuma ce a tsayar da lokaci, safe da dare da kafin cin abinci, kamar yadda Daniyel na cikin Littafi Mai Tsarki ke durƙusawa sau uku a rana. In akwai ƙananan yara, a taƙaita. A ajiye waya gefe. A bar auta ya ja addu'ar ko da yana sarƙewa, kada a yi ta katse shi da gyara. In an tsallake rana, a ci gaba washegari ba tare da faɗa ba.