An ɗora ni kan sashen jinyar ƙarshen rayuwa a ƙungiyar agaji: ta ina ake farawa?

Sista_Zazzau:
Assalamu alaikum. Wata ƙungiyar agaji tana buɗe sashen kula da waɗanda ciwonsu ya fi ƙarfin magani, irin wanda Turawa ke kira hospis, kuma ni aka ba wa riƙonsa. Yawancinsu masu ciwon daji ne, a gidajensu za mu riƙa bin su. Muna da nas huɗu, likita mai zuwa kwana biyu a mako, da mota ɗaya. Don Allah masana, me zan fara tsarawa, kuma a ina aka fi yin tuntuɓe?

Baba_Famasis:
Wa alaikumus salam, Sista. Allah ya taya ki riƙo. Kada ki karɓi majinyaci ko ɗaya sai hanyar samun mofin na ruwa, wato maganin kashe zafi mai ƙarfi, ta tabbata. Farasitamol da taramol suna da iyaka, kuma idan daji ya kama ƙashi ba sa isa. Mofin yana ƙarƙashin dokar NAFDAC, don haka sai kin sami famasis mai rajista da rubutacciyar yarjejeniya da asibitin koyarwa ko cibiyar lafiya ta tarayya mafi kusa da ku. A Yuganda tun 2004 doka ta ba nas mai horo na musamman damar rubuta shi. Ku kuwa a hannun likitanku abin yake, saboda haka sai ya yarda a kira shi a waya a ranakun da ba ya zuwa.

Ga babban da bai taɓa sha ba, akan fara da miligiram 5 duk awa 4, tsoho ko wanda jiki ya yi laushi 2.5. Bisa agogo ake ba shi, ba a jiran sai ya yi kuka. In zafi ya taso tsakani, a ƙara masa daidai awon guda, a rubuta. Washegari a tara lissafi: mai shan 5 sau shida ya sha 30, in ya nemi ƙari sau uku ya zama 45, a raba gida shida, sabon awonsa 7.5. Likita ne mai sa hannu, amma nas ce mai kawo lissafin.

Inda ake samun ɓarna: ruwan yakan zo da ƙarfi biyu, miligiram 5 a mililita 5, da miligiram 50 a mililita 5. Ninki goma ke nan, kwalaben kuma suna kama da juna. Kada gida ɗaya ya riƙe duka biyun. A ba su sirinji marar allura, a sa alama da biro a inda za su tsaya, domin cokalin wannan gida ba girmansa ɗaya da na wancan ba. Duk mai shan mofin a haɗa masa da maganin sakin bayan gida tun ranar farko, sai fa in yana gudawa. Mai ciwon ƙoda kuma a rage masa awo a tsawaita tazara, saboda maganin yana taruwa a jikinsa.

Ki tanadi akwatin ƙarfe mai makulli da littafin da ba a yage masa shafi: abin da ya shigo, abin da ya fita, sunan majinyaci, saura, sa hannun mutum biyu. A ƙirga duk mako. Nas mai fita da magani ta riƙe katin aiki da kwafin takardar likita saboda shingen jami'an NDLEA.

Hajiya_Matron:
Baba ya gama da magani, amma ƙanwata, abin da ke rusa irin wannan sashe shi ne dare. Zafi da numfashi sama-sama sun fi tashi bayan isha'i. In iyali suka kira ba a ɗauka ba, za su ɗauki mutumin da ya roƙi a bar shi a ɗakinsa su kai shi sashen gaggawa, ya cika a kan benci. A sayi waya guda ta aiki, a riƙa karɓa-karɓa mako-mako, wadda ta kwana da ita kuma a rage mata ziyarar washegari.

A ganina kada nas ɗaya ta wuce majinyata 12 zuwa 15, kuma ki raba su bisa unguwa don mota. Mai iya zagayawa, ziyara ɗaya a mako ta isa. Wanda ya kwanta, biyu ko uku. Wanda ya daina cin abinci barci ya yawaita, kullum. Ki tabbata kina da nas namiji ko ɗaya, don akwai dattijon da ba zai bari mace ta duba masa mara ba, kamar yadda akwai gidan da namiji ba zai wuce zaure ba.

A ziyarar farko ki gano wace ce mai jinyar ta ainihi. Sau da yawa wanda ya zo ofis da takardu babban ɗa ne, mai wanki da juyi kuwa matar ɗa ce ko 'yar auta. Ita za a koya wa juya shi duk awa 2 don gudun gyambon kwanciya, da goge baki da auduga mai laima, da barbaɗa dakakken Flagyl a kan gyambo mai wari. Wannan warin ne ke korar 'yan dubiya, ya bar mutum shi kaɗai.

Iyali za su ce kada a faɗa masa. Kada ki yi musu gardama a tsakar gida, kada kuma ki yi wa majinyaci ƙarya. A tambaye shi me ya fahimta game da ciwonsa, me yake son sani. Mai bashi a kansa ko wasiyya a bakinsa yana da haƙƙin ya san halin da yake ciki. Ranar tafiya kam ba mai yanka ta, rai na hannun Allah. Cicely Saunders, likitar da ta buɗe hospis ɗin St Christopher's a Landan a 1967, ta koyar da cewa zafin jiki yana haɗe da na zuciya, na iyali da na imani, shi ya sa zaman mako na sashenki ya kamata ya haɗa da malami, da fasto in kuna da majinyata Kirista. A zaman nan a bi kowane suna, sannan a ware minti 15 don ma'aikata su ambaci waɗanda suka rasu. Nas da ta rufe idon mutum uku a mako guda tana bukatar a saurare ta.

Akawun_Agaji:
Hajiya, ki yi haƙuri, ni majinyata 15 ga kowace nas sun yi mini yawa ga mota ɗaya. Da cunkoso da zaman gaisuwa, da wuya a wuce gida biyar ko shida a yini. A fara da 30 gaba ɗaya, a ga yadda fetur ke tafiya. Sista, ki fitar da kuɗin ziyara guda: fetur, safar hannu, bandeji, katin waya, lokacin nas. Masu ba da tallafi suna son sayen gado da keken guragu, ba sa son biyan albashi, kuma kuɗin da aka ware wa abu ɗaya ba a karkatar da shi. Ki nemi hukumar gudanarwa ta ajiye albashin wata uku a gefe tun yanzu.

Sista_Zazzau:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Saura biyu: ragowar mofin bayan rasuwa, da mai cewa sai ya yi azumi.

Baba_Famasis:
Tun ranar da aka kai kwalba ake faɗa wa iyali cewa ragowar ta dawowa ce. Ranar jana'iza ba a tayar da zancen. Nas ta je ta'aziyya kafin sadakar uku, ta karɓa a keɓe, a auna a gaban mutum biyu, a shigar a littafi. Batun azumi kuwa, ki bar malaminsa ya karanta masa rangwamen da aka yi wa marar lafiya a Suratul Baƙara, aya ta 184 da 185, don daga bakinsa ya fi karɓa. In ya dage, kada a tilasta masa. A kira likita ya sake tsara awon tsakanin buɗa-baki da sahur, a kuma shaida masa cewa da zarar zafi ya dawo da rana, kwalbar tana kusa da shi.