Wane suna za mu ba lambar da ba ta rabuwa?

Malaman lissafi da masana Hausa, ina neman agajinku.

Jiya bayan Magariba, sanyin Jos ya kora mu zaure a Anguwar Rogo, ni da ɗan yayata mai shirin WAEC. Tambayarsa: a jera 2 guda 20 da 5 guda 17, a ninka su duka, alƙaluma nawa amsar za ta ƙunsa? Ya ɗauki biro zai fara ninkawa, na ce dakata. Duk 2 da ta haɗu da 5, sun ba da 10. Haɗi 17 ke nan, sifiri 17. Sauran 2 guda uku da ba su sami abokai ba su ba da 8. Amsa: 8 da sifiri 17 a bayanta, alƙaluma 18. Nan take idonsa ya buɗe.

Da Hausa zalla muka yi wannan. Amma da na zo faɗin sunan irin su 2 da 5, abin da littafinsa ya kira "prime number", wato lambar da ta wuce 1 wadda ba ta rabuwa daidai sai da 1 ko da ita kanta, sai harshena ya sarƙe. Ya yi mini ciwo.

Wani malami daga Bukur ya ce: "Malam, ai mara ce." Allah ya gafarta malam, ban yarda ba. Mara kishiyar cika ce. 9 mara ce, amma 3 sau 3 ce. Ita kuwa 2 cika ce, kuma ita ce ta farko a dangin da muke nema wa suna.

Wata baiwar Allah ta kawo "tubali", don da su ake gina kowane adadi: 60 ai 2 sau 2 sau 3 sau 5 ce. Hajiya, kin kusa. Sai dai tubali ya faɗi aikinta, bai faɗi halinta ba. An kuma ce "tilo", amma yaro zai zaci 1 ake nufi, alhali 1 ba ta cikinsu.

Nawa shi ne gagara-rabo, a kan ƙirar gagara-badau da gagara-gasa. Ka ba yara lemo 7 ka ce su raba daidai ba yanka: sai dai mutum guda ya kwashe, ko bakwai su ɗauki ɗai-ɗai. Ma'anar ke nan, kuma tana cikin sunan.

Shi kuwa warware adadi zuwa gagara-rabonsa, na fi son mu ce fiɗar adadi. Mahauci ba ya ajiye wuƙa sai ya kai gaɓa. 625 ta zama 25 sau 25, ba a gama ba, sai ta koma 5 guda huɗu an feɗe biri har wutsiya.

Yau da safe na gwada ɗan yayar tawa da 32 sau 625. Ya feɗe su, ya ce dubu ashirin, alƙaluma biyar. Wanda ke koyarwa a aji ya gwada kalmomin nan biyu a bakin ɗalibansa, ya dawo mana da abin da ya ji.