Tambaya kan makin MIPS a ƙaramin asibitin ido

Maman Ilham, Bronx

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah wanda ya san harkar kuɗin asibiti a nan Amurka ya taimaka min. Wata huɗu ke nan da aka damƙa min ofishin wani ƙaramin asibitin ido. Likitoci uku ne, kuma yawancin masu zuwa tsofaffi ne masu Medicare, wato inshorar lafiya ta gwamnati: masu yanar ido, masu hawan jinin ido, da waɗanda ciwon suga ya taɓa musu gani. Wadda na gada ta tafi ba ta bar min wani bayani ba. Jiya babban likitanmu ya ce in tabbatar mun kai maki 75 a MIPS, tsarin da Medicare ke auna aikin likitoci da shi, in ba haka ba za a rage mana kuɗin da take biyanmu.

Abin da ya hana ni barci shi ne awon sakamakon aikin cire yanar ido. Ana so a nuna cewa cikin kwana 90 bayan aiki ganin mutum ya kai 20/40 a allon gwajin gani ko ya fi. To mu tsofaffinmu, da ido ya washe sai tafiya. Akwai wata Hajiya da aka yi wa aiki, kwana huɗu ta wuce Kumasi bikin jikarta, sai bayan wata biyar muka sake ganinta. Tana gani ras, har allura take zura wa zare, amma a takarda babu komai. Ya ake yi da irin wannan? Kuma tukuicin da ake cewa ana bayarwa ya kai wannan wahalar?

Baban Khalil, Houston

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kwantar da hankalinki, na daɗe ina wannan aikin. Tsarin ya samo asali ne daga dokar MACRA ta 2015, aka fara aiki da shi a 2017, kuma hukumar CMS mai kula da Medicare ce ke riƙe da shi. Kafin komai, ki sa lambar shaidar kowane likita (NPI) a shafin QPP, wato shafin intanet na tsarin, ki ga ko ya shiga wajibi. Sai likita ya haura dala 90,000 na Medicare, da marasa lafiya 200, da ayyuka 200 a shekara, duka ukun, kafin ya zama dole. Likitan ido mai tsofaffi da wuya ya kuɓuta, amma dai ki duba.

Makin kashi huɗu ne: ingancin aiki 30, kuɗin da aka kashe 30, amfani da fayil ɗin kwamfuta da musayar bayanai 25, ayyukan gyara tsarin asibiti 15. Amma ku da ba ku wuce likitoci da sauran masu duba marasa lafiya 15 ba, ƙaramin asibiti ne ku. Ana ɗauke muku kashin kwamfutar kai tsaye, lissafin ya koma inganci 40, kuɗi 30, gyara tsari 30, kuma ana ƙara muku maki 6 a ɓangaren inganci. Kashin kuɗi ba abin da za ki tura, daga takardun neman biya suke lissafa shi.

Maganar tukuici kuwa, kada ki sa rai. Kuɗin da aka zabtare wa wasu shi ake raba wa wasu, gwamnati ba ta ƙara nata. A shekarar farko wanda ya fi kowa maki kashi 1.88 cikin 100 ya samu. Ragin ne abin tsoro, yana kaiwa kashi 9 cikin 100, kuma sai bayan shekara biyu yake cizo: aikin 2024 shi ke taɓa kuɗin 2026.

Umman Yusra, Columbus

Ni ma'aikaciyar gwajin ido ce, bari in faɗa miki inda mu muka yi asara. Mun haɗa manhajarmu da rajistar IRIS ta ƙungiyar likitocin ido ta Amurka, wadda aka buɗe a 2014, ita ke ɗebo bayanai daga fayil ta tura. Sai muka ga makinmu na duba jijiyar ido ga masu hawan jinin ido ya faɗi warwas, alhali kullum ana dubawa. Ashe likita ɗaya yana rubuta abin da ya gani a wurin sharhi, ba a gurbin da manhajar ke karantawa ba. Aiki an yi shi, na'ura ba ta gani ba. Wata uku muka yi muna gyara.

Ki riƙa buɗe allon IRIS kowane wata, kar ki bari sai Disamba. Kuma ki sani ta wannan hanyar duk marasa lafiya ake ƙirgawa, ba masu Medicare kaɗai ba.

Batun Hajiya, mu tun ranar sa lokacin aiki muke tambaya: akwai tafiya gida ko Umra a gaba? In akwai, sai mu tsara ranar gwajin gilashi kafin ranar jirgi, mu karɓi lambar ɗa ko 'ya. Ba don maki kaɗai ba, Yaya. Kumburin bayan ido kan taso makonni bayan aikin yana, kuma tsohuwa tana can nesa wa zai gane?

Baban Khalil, Houston

Gaskiya ne. Ƙari ɗaya: awo shida ake so, ɗaya ya zama na sakamakon jinya, kowanne da mutum 20 aƙalla, kuma a kawo rahoton kashi 75 cikin 100 na waɗanda awon ya shafa. Ki kula da awon da kowa ke cinyewa, wasunsu an taƙaita su a maki 7 ko kin yi ba kuskure. Daga 2025 akwai kuma hanya ta musamman ga likitocin ido a ƙarƙashin MVP, wato rukunin awo da aka tsara wa kowane fanni a cikin MIPS, awo huɗu kawai ake zaɓa. Ni kaina ban gamsu da tsarin ba, ko hukumar MedPAC mai ba majalisa shawara ta nemi a soke shi tun 2018. Amma yana nan, kuma 31 ga Maris ake rufe karɓar rahoto.

Maman Ilham, Bronx

Allah Ya saka muku da alheri. Na duba, duka likitocin uku sun shiga. Na kuma buɗe allon IRIS, na tarar da mutum 11 da aka yi wa aikin yana ba a rubuta ganinsu na ƙarshe ba, bakwai daga ciki kwana 90 ɗinsu bai cika ba. Na kira huɗu yau, biyu za su zo Alhamis. Umman Yusra, don Allah turo min yadda kuka tsara tambayar tafiyar a takardarku, ina so in kai wa likita kafin Litinin.